Rumbun Bayanai da Ruwan Famfon Maƙwabta

 

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya. Ta ce wayarta ta faɗa bokitin wanki ta mutu murus, maigida ya sayo mata wata, ɗanta ya buɗe mata Facebook ɗinta, sai ga hotunan sunan jikarta sun dawo kaf, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta ce to wai a ina suka kwana? Hajiya, tambayar nan taki za ta kai mu har Amurka yau, kuma ƙarshenta a bakin famfo za mu tsaya.

Hotunan nan ba a iska suke rataye ba. Akwai wasu manya-manyan gine-gine masu kama da sito, kusan ba taga, an jera kwamfutoci dubbai a cikinsu bisa kantoci, layi bayan layi. Ana kiran su cibiyoyin adana bayanai, ni dai rumbu nake ce musu, don aikinsu ke nan. Hoton da kika ɗora, kuɗin da ɗanki ya turo miki ta banki, wa'azin da kike kallo a YouTube, duk ta irin wannan rumbu suke bi. Kuma ba a kashe shi, dare da rana, har ranar Sallah.

To uwargida, kin san yadda waya ke ɗaukar zafi idan ta daɗe a caji. Ki ƙiyasta dubban injina a ɗaki guda, kowanne na fitar da zafinsa. In ba a sanyaya su ba, lalacewa za su yi. Ɗaya daga cikin dabarun sanyayawar kuwa kin riga kin san ta, dabarar tulu ce. Me ya sa ruwan tulu ya fi na jarka sanyi? Saboda tulu na tsattsafo da ruwa ta jikinsa, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka da yawa daga cikin rumbunan nan suke yi, sai dai nasu tulun ya girma ƙwarai, kuma ruwan da ya bi iska ba ya komawa bututu. Ana iya sanyayawa da na'ura ba tare da ruwa mai yawa ba, amma sai cin wuta ya ƙaru. Wato dai ko a sha ruwa, ko a sha lantarki.

Akwai wani ƙaramin gari a jihar Oregon ta Amurka, sunansa The Dalles, mutanensa ba su wuce 16,000 da 'yan kai ba, kewaye da gonakin itatuwan marmari. A 2006 kamfanin Google ya buɗe rumbunsa a can, saboda akwai madatsar ruwa kusa mai ba da lantarki da araha. Garin ya yi maraba, domin masana'antar narka sanholo da ta riƙe gidaje da yawa ta riga ta rufe, mutane na neman abin yi. Kamfanin ya ci gaba da ƙara gini, shekaru suna tafiya.

A 2021 ya nemi ya ƙara rumbu biyu, a filin tsohuwar masana'antar nan. Shekarar kuwa fari ake yi a yankin. Ga wani abu da ya kamata ki riƙe: garin yana bakin wani ƙaton kogi ne, amma ruwan famfonsa ba daga kogin yake zuwa ba, daga ƙoramun kan dutse ne da rijiyoyin burtsatse. Saboda haka manoma da masu rijiya a gida suka yi tambaya guda, irin wadda kowace mace za ta yi in an ce baƙo zai sauka ya daɗe: nawa yake sha? Sai aka ce musu wannan sirrin kasuwanci ne, in an faɗa abokan gasar kamfanin za su gane yadda yake sanyaya injinansa.

Wata jarida ta jihar, The Oregonian, ta rubuta wa hukumar garin tana neman lissafin, tunda ruwan na jama'a ne. Babban lauyan gwamnati na gundumar ya ce a ba ta. Maimakon a bayar, sai hukumar garin ta kai jaridar ƙara kotu don kada lissafin ya fita. Ki ji fa, hukumar da mutane suka zaɓa ce ta je kotu don kada mutanen su san yawan ruwansu da ake sha. Ana cikin haka, a watan Nuwamba na 2021, kansilolin garin suka amince da yarjejeniyar, Google zai kashe dala miliyan 28.5 wajen gyara da faɗaɗa hanyoyin ruwan garin. Shugabannin suka ce da wannan kuɗi ruwa ƙaruwa ma zai yi. Ba na cewa ƙarya suka yi, kuɗi ne na gaske kuma aiki ne na gaske. Amma ta yaya mutum zai auna ciniki alhali an rufe masa mudu?

Sai a watan Disamba na 2022, bayan fiye da shekara ana ja-in-ja, aka sasanta, Google ya ɗauki nauyin kuɗin shari'ar, aka fitar da lissafin. A 2021 kaɗai kamfanin ya sha galan miliyan 355, wato kashi 29 cikin ɗari na ruwan garin baki ɗaya, kuma shan nasa ya kusa ninkawa uku cikin shekara biyar. Galan ba ma'auninmu ba ne, don haka na zauna na juya shi zuwa jarkar ɗan ga-ruwa mai lita 25. Ya kama jarka wajen 147,000 kowace rana. In kura tana ɗaukar jarka 12, kura sama da 12,000 ke nan, kullum ta Allah, zuwa gida ɗaya.

Famfon garin bai ƙafe ba, kada a ce na faɗi abin da ba a yi ba. Kamfanin kuma yana biyan kuɗin ruwansa, tun daga lokacin nan ma yana wallafa yawan ruwan da rumbunansa ke sha wuri-wuri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sai da aka riga aka sa hannu sannan mutanen gari suka ji lambar. Da sun ji tun farko, wataƙila da sun yarda duk da haka, wataƙila da sun gindaya sharaɗi, misali a ce in fari ya yi tsanani gidaje ne a gaba, injina a baya.

Ruwa ba shi kaɗai ake kuka da shi ba, akwai wuta. A ƙasar Ailan, can Turai, rumbunan nan sun cinye kashi 21 cikin ɗari na lantarkin ƙasar a 2023, fiye da duk gidajen birane in an haɗa. A jihar Oregon ɗin kuma, a 2025 aka yi doka ta ware musu nasu ajin kuɗin wuta, don kada a jibga wa gidaje nauyin sababbin layuka da aka ja dominsu. Batun aikin yi kuwa, lokacin gini ana ɗaukar magina da leburori da yawa, amma in an gama, ginin da ya ci fili kamar unguwa ba ya buƙatar hannuwa da yawa.

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da Oregon? Ai abin ya iso. Yawancin na Nijeriya suna Legas, kuma a 2023 an buɗe ɗaya a Kano, na kamfanin gwamnatin tarayya Galaxy Backbone. Ni ina cikin masu murna, gara ajiyarmu ta kwana a gida da ta kwana a ƙasar wasu. Ba kuma kowane rumbu ne ke shan ruwa irin na Google ba, girmansu ya bambanta, dabarar sanyayawa ma ta bambanta. Sai dai a nan, inda ruwan famfo da wutar gwamnati ba su da tabbas, babban gini yakan haƙa tasa burtsatse mai zurfi ya kuma girke manyan janareto. Burtsatse mai zurfi tana iya janye ruwan rijiyar maƙwabta, ƙarar janareto kuwa wadda ke wuni a gida ita ke shan ta, maigida yana kasuwa. Ke ce za ki fara lura guga ya daina cika, tun kafin wani injiniya ya zo da takarda.

Muna da doka a kan haka. Tun 1992 dokar Nijeriya ta ce babban aikin da zai iya shafar muhalli sai an yi nazarin illarsa kafin a fara, a kuma baje rahoton inda jama'a za su gani su faɗi ra'ayinsu. Sannan akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa, mace ko namiji, damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ita kuma ta amsa cikin kwana 7. Dokar ba ta ce sai kin je da ƙafarki ba, takarda ce, ɗanki zai iya kaiwa. In kuwa aka kira taro a ƙofar mai unguwa kan wani babban gini da za a yi kusa da ku, rumbun bayanai ne ko masana'antar ruwan leda, ki ba maigida saƙo tun da dare. Ya tambaya lita nawa za a ja a rana, daga wane zurfi, janareto nawa za a girke kuma ta wane ɓangare za su fuskanta. Ya kuma nemi a ba su amsar a rubuce, da lamba, kafin a aza tubali.

Hajiya mai wayar da ta faɗa bokiti, da fatan kin ji inda hotunan jikarki suka kwana. Allah ya raya ta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.