Daƙiƙoƙin da ke Tsakanin Ajiya da Faifai

Idan ka danna maɓallin ajiya kwamfuta ta nuna maka ta ajiye, galibi ba ta kai ga faifai ba tukuna. Rubutun yana zaune a ƙwaƙwalwar RAM, wadda komai nata ke gushewa da zarar wuta ta yanke. Ba ha'inci ba ne, dabara ce. Faifan da ke juyawa sau 7200 a minti, wato sau 120 a daƙiƙa, da za a tilasta masa tabbatar da kowane ɗan rubutu nan take, da na'urar ta yi ta rarrafe. Sai tsarin ya riƙa tara rubuce-rubuce yana zuba su gaba ɗaya, kamar mai shagon da ke cewa "na rubuta" alhali bai buɗe littafi ba. A Linux, bisa saitin asali, rubutu na iya kai kimanin daƙiƙa 30 yana jira.

Wannan ɗan jinkiri ne ya tayar da ƙura a farkon 2009. Sabon tsarin fayiloli na Linux, wato ext4, ya fito a ƙarshen 2008, masu gwajin Ubuntu 9.04 suka fara kuka: kwamfuta ta daskare ko wuta ta tafi, a kunna, sai a tarar fayilolin saitin manhajojin KDE da GNOME sun zama fanko. Manhajojin sukan rubuta sabon fayil, su maye gurbin tsohon da shi. A ext3, tsarin da ya gabaci ext4, mai kammala rubutu duk bayan daƙiƙa 5 kuma yana fara sauke bayanai kafin sunan fayil, wannan al'ada ba ta cika cutarwa ba. Shi ext4 yana jinkirta ware wa bayanai wuri a faifai domin sauri, don haka sabon suna yakan riga bayanan isa. Tsoho ya tafi, sabo bai zo ba.

Theodore Ts'o, jagoran ext4, ya tsaya kan cewa ƙa'idar POSIX ba ta yi alkawarin komai ba sai manhaja ta kira umarnin fsync, mai tilasta sauke rubutu a faifai nan take. A shari'ance yana da gaskiya. Amma a ganina masu ƙorafin sun fi shi hujja, domin mai amfani bai san POSIX ba, ya san aikinsa ya ɓace. Daga ƙarshe Linux 2.6.30 ta zo da gyaran da ke gaggauta sauke bayanai idan an maye gurbin fayil ta wannan hanya.

Microsoft ma ta karkata wajen aminci: tun daga Windows 10 sigar 1809, filash da faifan waje suna zuwa a kan "cirewa cikin sauri", wanda ke rage tara rubutu.

Sai dai har yanzu akwai wani akwati a saitin faifai na Windows da ke hana tsarin umartar faifai ya sauke abin da ya riƙe, kuma masu koyar da ƙara wa kwamfuta gudu na son a danna shi. Windows da kanta ta yi gargaɗi cewa kada a danna sai faifan na da wutar ajiya ta daban. Mai kwamfutar hannu batirinsa ya kare shi daga ɗaukewar wuta, ko da yake ba daga daskarewa ba. Mai shagon buga takardu a Kano ko Zariya kuwa, da kwamfutar tebur ba UPS, ga janareta na shiga da fita, ya bar akwatin nan yadda ya same shi.