Maryam Mirzakhani da Martabar Iran a Idon Duniya

Da Hassan Rouhani ya hau kujerar shugabancin Iran a 2013, babban alƙawarinsa shi ne maido da mutuncin ƙasar a idon duniya da sassauta takunkumin da ya shaƙe tattalin arzikinta. Yunƙurin ya haifar da yarjejeniyar nukiliya ta 2015, wadda Amurka ta fice daga cikinta a 2018. Ana cikin wannan fafutuka ne, a 2014 a birnin Seoul, aka ba Maryam Mirzakhani lambar Fields, wadda masana lissafi ke ɗauka a matsayin mafi daraja a fanninsu. Babu macen da ta taɓa samunta kafin ita, haka kuma babu ɗan Iran.

An haife ta a Tehran a 1977, kuma da ƙuruciya marubuciya take so ta zama. Yayanta ne ya fara kwaɗaita mata lissafi da labarin Gauss, yaron da aka ce ya tara lambobi daga 1 zuwa 100. Maimakon ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ya haɗa 1 da 100, 2 da 99, ya ga kowane biyu 101 suke bayarwa, sau 50, jimilla 5050. Irin wannan dabara ce ke sa yaro ya ji daɗin lissafi, abin da haddar jadawali ba ta cika yi ba.

A makarantar 'yan mata ta Farzanegan, da farko ba ta taɓuka abin kirki a lissafi ba, sai da ta dace da koyarwar da ta ƙarfafa mata gwiwa. Daga baya ita da ƙawarta Roya Beheshti suka nemi shugabar makarantar ta buɗe musu darasin warware matsaloli irin na makarantar maza, ta kuwa amince. A gasar lissafi ta duniya ta 1994 Maryam ta ci zinare da maki 41 cikin 42, a 1995 kuma ta cinye duka.

Sai dai Amurka ce ta ci moriyar iliminta: a Harvard ta yi digirin digirgir, a Stanford ta zama farfesa. Ta rasu a 2017 sakamakon ciwon daji. Da yake mijinta ɗan ƙasar Cek ne, doka ba ta ba 'yarta shaidar zama 'yar Iran ba. Rasuwarta ta ƙara zafafa muhawara a majalisar dokokin Iran, kuma a 2019 aka amince da dokar da ta ba 'ya'yan irin wannan aure damar neman shaidar.