FASHIN BAƘI: Me ya sa farashin albasa ke karyewa a Goronyo, Wurno da Rabah?

A fadamun gabashin Sakkwato, shekarar da albasa ta yi albarka ita ce sau da yawa shekarar da manomi ke kasa biyan bashi. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, da fadamun Wurno da Rabah sun buɗe wa dubban manoma hanyar noman rani. Sai dai kusan kowa na yin dashe da shigowar sanyi, don haka amfanin ke fitowa lokaci guda, tsakanin Fabrairu da Afrilu. Kasuwa ta cika maƙil, masu saye kuwa ba su ƙaru ba, domin uwargida a Legas ba za ta ninka albasar miyarta don ta yi araha ba.

Mai gero na iya rufe rumbu ya jira tsada. Albasa ba ta da wannan haƙuri. A rudu, ɗakin kara da ciyawa da ake ajiye ta, zafin bazara na motsar da ita, laimar damina kuma ta ruɓar da wani kaso. Ga mai taki da mai fetur ɗin injin ban-ruwa na jiran kuɗinsu. Dole manomi ya sayar a farashin da dillali ya yanka. Ribar da ke zuwa daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da albasa ke ƙaranci, ta mai jarin da ya iya ajiyewa ce.

Idan hanya ta toshe, lamarin ya fi muni. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan kasuwar Arewa sun dakatar da kai kayan abinci Kudu na 'yan kwanaki. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a can, a nan kuwa kaya suka jibge ba mai taya su.

Wasu ƙasashen na ɗaukar rarar amfanin gona a matsayin matsalar gwamnati. A 2023 Faransa ta ware Yuro miliyan 200 don janye giyar inabin da ta yi kwantai, saboda kada manoman inabi su durƙushe. A nan, tallafin da 'yan siyasa suka fi so shi ne rabon taki da injinan ban-ruwa, wanda ke da daɗin ɗaukar hoto, amma albasa yake ƙara tulawa a kasuwar da ta riga ta cika. Ba a cika jin ɗan takara na maganar ɗakunan ajiya masu shan iska, ko injin busar da albasa, ko rancen da za a biya a Nuwamba maimakon Maris ba.