Jirgin rimot mai alkafura: Tarkon da ke cikin saka injin fetur

Masu wasa da ƙananan jiragen rimot masu alkafura a sama, irin samfurin Extra 300, da dama na komawa injin fetur saboda fetur ya fi man methanol araha. Sai dai sauyin na da tarko.

Injin fetur ya fi nauyi, don haka hancin jirgin kan rinjaya, sai an mayar da batir baya. Fetur na cinye tiyon silikon, dole a sa na Tygon. Na'urar da ke bai wa fulogi wuta kuma kan dagula saƙon rimot idan ta kusanci mai karɓar saƙon.

Duk wanda ya manta ɗaya, aikin watanni zai iya tarwatsewa cikin daƙiƙa.