BABI NA UKU: HAƊA MANHAJAR KULA DA ABOKAN CINIKI DA RUMBUNAN BAYANAI NA WAJE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda 'yan kasuwar Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa suka saba rubuta sunayen abokan cinikinsu da basussukan da ake bin su a cikin littafi. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake haɗa manhajar da ta maye gurbin wannan littafi da rumbunan bayanai na hukumomi, da kuma matsalolin da haɗin yake cin karo da su a wannan yanki.

3.1 Ma'anar Haɗin

Manhajar kula da abokan ciniki, wadda ake taƙaita sunanta da CRM, kundi ne na kwamfuta ko wayar hannu da ake adana sunan abokin ciniki da lambar wayarsa da abin da ya saya da abin da ya rage a kansa. Duk abin da ke cikinta mai kanti ne ko yaronsa ya rubuta. Wato ke nan idan aka gaya masa ƙarya, ƙaryar zai adana. Rumbun bayanai na waje kuwa shi ne wanda wata hukuma ta tara, kuma ita ke riƙe da shi. Haɗa su yana nufin buɗe hanyar da manhajar za ta aika tambaya zuwa rumbun, amsa ta dawo ta zauna a shafin abokin cinikin ba tare da an sake kwafa da hannu ba.

Hanyoyin haɗin iri biyu ne. Ta farko ita ce tambayar nan take ta ƙofar da masana ke kira API, kuma tana buƙatar intanet a daidai wannan lokaci. Ta biyu ita ce a tara sunaye a fayil guda, a tura su gaba ɗaya idan an sami sabis. Wannan ta biyu ta fi dacewa da ƙauyukan da sabis ke ɗaukewa.

3.2 Rumbunan da Ake Haɗawa da Su

Akwai manyan rumbuna huɗu da suka shafi ciniki a Nijeriya:

(i) Lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a watan Fabrairu na 2014. Alƙalumanta 11 ne, kuma kamfanin NIBSS ke kula da rumbunta.

(ii) Lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, ita ma mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. An kafa hukumar bisa dokar 2007, kuma a watan Disamba na 2020 aka umarci a haɗa lambar da layukan waya.

(iii) Rajistar kamfanoni ta hukumar CAC, wadda aka kafa a 1990. A nan ake tabbatar da cewa kamfani ko sunan kasuwanci yana da rajista.

(iv) Kamfanonin tattara tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu.

Ya kamata a lura cewa ba kowane ɗan kasuwa ke da ikon leƙa waɗannan rumbuna kai tsaye ba. Ban da binciken sunan kamfani a CAC, sauran sai ta hannun banki ko wani kamfani mai lasisi. Shi ya sa bankuna da ƙananan bankuna da kamfanonin POS suka riga kowa yin wannan haɗi, musamman bayan umarnin Babban Banki na watan Disamba na 2023 cewa kowane asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN.

3.3 Matsalar Suna da Adireshi

A ɗauka wani dilan taki ne a Kazaure yake bai wa manoman Roni da Gwiwa bashi da damina, su biya da kaka. A manhajarsa ya rubuta wani manomi da sunan Mamman, domin da shi aka san shi a garinsu. A banki an rubuta Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma Muhammadu. Bugu da ƙari, a wata takardar sunan mahaifi ne na biyu, a wata kuwa sunan gari ne, kamar Roni ko Babura, bisa al'adar da makarantun boko suka yaɗa a Arewa. Mutum ɗaya ne, amma kwamfuta za ta ɗauke shi mutum uku. Haka kuma tana iya haɗe mutum biyu masu suna ɗaya, ta ɗora wa wani bashin da bai ci ba.

Ranar haihuwa ma ba ta warware matsalar, saboda dattawa da dama ba su da takardar haihuwa, ƙiyasi aka yi musu. Adireshi kuwa sau da yawa kwatance ne, kamar bayan masallacin Juma'a ko kusa da gidan mai unguwa. Lambar waya ita ma tana iya zama ta miji ko ta ɗa, alhali matar gida ce ke sana'ar. Sannan akwai fataken Jamhuriyar Nijar da ke bin hanyar Daura zuwa Kano, waɗanda yawancinsu ba su cikin waɗannan rumbuna sam.

Saboda haka, ƙa'ida ta farko ita ce a yi haɗin da lamba, ba da suna ba. Ta biyu, kada amsar da ta zo daga waje ta goge abin da mai kanti ya rubuta. A ware wa sunan hukuma gurbi, a ware wa sunan da aka san mutum da shi nasa gurbin. Ta uku, duk inda aka sami saɓani, manhajar ta ajiye shi sai mutum ya duba.

3.4 Haƙƙin Abokin Ciniki

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta a sanar da mutum dalilin karɓar bayanansa, kuma kada a karɓi fiye da abin da ake buƙata. A yankin da mutane da yawa ba sa karanta Turanci, sa hannu a takardar da ba a fahimta ba ba yarda ba ce ta gaskiya. Ya dace a yi bayanin da Hausa, da baki. Haka nan barin lambobin BVN na jama'a a wayar yaron kanti ganganci ne, domin 'yan damfara da su suke fara aiki. Abin da ya fi shi ne manhajar ta adana sakamakon tantancewa kawai.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa rumbun waje yana iya tabbatar da ko wane ne mutum, ya kuma nuna ko banki na bin sa. Amma bashin taki da na hatsi da na adashi da ake yi a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu yawancinsa ba ya shiga rumbun kowa. Don haka shaidar dillali da ta mai unguwa da ta sarkin kasuwa tana nan da amfaninta, kuma ya kamata a ba ta gurbi a cikin manhajar. A babi na gaba za a dubi kalmomin Hausa da suka dace da waɗannan gurabe.