Huluna uku da takardu talatin: yadda nake auna haɗari kafin in zuba kifi



A watan Afrilun 2023 na zuba 'ya'yan tarwaɗa 1,000 a tamfol biyu a bayan gidanmu da ke Gesse, Birnin Kebbi. Rabin jarin nawa ne, rabin kuma kuɗin adashen Yayata ne. Na yi lissafina tsaf, riba ta fito a takarda, har na fara tunanin ƙara tamfol na uku.

Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai. Farashin fetur ya ninka fiye da sau biyu, ni kuwa da janareta nake jan ruwa. A watan Yuni aka saki naira, abincin kifi ya shiga hawa. Na fara tsaimin abinci don ya kai ni, kifi ya ƙi girma, manyan suka dinga cinye ƙanana. Ranar da dillali ya ɗora su a sikeli, abin da na karɓa bai mayar da uwar kuɗi ba. Sai da na sayar da babur ɗina kafin na iya kallon idon Yaya.

Ɗan Yayar tawa, wanda ya karanta lissafi a Waziri Umaru Federal Polytechnic, shi ya karɓi littafina ya duba. Ya ce, "Kawu, lissafinka daidai ne, amma na rana ɗaya ne. Ka ɗauka farashin ranar da ka zuba kifi shi zai zauna har wata biyar." Na ce to ai ba wanda ya san gobe sai Allah. Ya ce, "Haka ne Kawu. Amma ka san jiya da shekaranjiya, su za mu tambaya."

Abu biyu ya koya mini, su zan kawo muku. Alƙaluman da ke ƙasa na misali ne, na dunƙule su don sauƙin bi. Kowa ya sa farashin kasuwarsu na yau.

Lissafin tushe

'Ya'yan kifi 1,000 a kan naira 100, ya kama 100,000. Abinci buhu 60 mai kilo 15, kowane 25,000, ya kama 1,500,000. Mai, magani da ɗan ihsanin yaro, 200,000. Jimla 1,800,000.

Mu ce 900 sun rayu, kowane ya kai giram 800. Kilo 720 ke nan. A sayar da kilo 3,000, a samu 2,160,000. Riba 360,000. Yawancinmu nan muke rufe littafi mu tafi sayen 'ya'yan kifi.

Kafin ka rufe, raba jimlar kuɗin da ka kashe da kilo 720. Zai ba ka 2,500. Duk kilon da aka saya ƙasa da haka, daga aljihunka kake cikawa. Rubuta wannan lamba a bangon gona.

Mataki na farko: taɓa ɗaya, bar sauran

Ka ɗauki abu ɗaya ka lalata shi da kashi 10 cikin 100, sauran su zauna yadda suke, ka ga abin da ya samu riba. Sannan ka mayar da shi, ka ɗauki na gaba. Masana na kiran wannan gwajin tasiri. Ga abin da ya fito:

Farashin sayarwa ya sauka zuwa 2,700: riba ta koma 144,000. An zabge 216,000.

Buhun abinci ya hau zuwa 27,500: riba ta koma 210,000. An zabge 150,000.

Kifi ya ci buhu 66 maimakon 60 kafin ya kai nauyin: nan ma an zabge 150,000.

Mai da magani sun ƙaru: an zabge 20,000.

'Ya'yan kifi sun koma 110: an zabge 10,000 kacal.

Da na ga wannan jeri sai kunya ta kama ni. Na yi kwana uku ina yawo ina neman ragin naira 10 a kan kowane ɗan kifi, amma ban yi magana da mai saye ko ɗaya ba sai ranar kwashewa. Abin da ya fi ƙarfi a kan ribata shi na bari a hannun dillali.

Mutuwar kifi ma kala biyu ce. Idan ƙarin 90 suka mutu a makon farko, ka rasa cinikin 216,000, amma buhu 6 da za su ci ya rage maka, wato 150,000. Asarar ta tsaya kusan 66,000. Idan kuwa sun mutu ana saura mako ɗaya a kwashe, sun riga sun cinye rabonsu, 216,000 ta tafi cur. Shi ya sa canjin ruwa a watan ƙarshe ba wurin tsimin mai ba ne.

Yanzu haɗa biyun farko. Farashi ya sauka da kashi 10, abinci ya hau da kashi 10: ribar 360,000 ta koma asarar 6,000. Ɗan motsi biyu ya shafe aikin wata biyar.

Mataki na biyu: ƙuri'ar huluna

Gwajin farko yana nuna maka wanda ya fi illa, amma ba ya faɗa maka sau nawa za ka faɗi. A nan yaron ya sa aka kawo huluna uku, ya yayyanka takarda goma-goma.

Hular farashin kilo: takarda 2 an rubuta 3,300, guda 5 an rubuta 3,000, guda 3 an rubuta 2,600.

Hular buhun abinci: 2 na 24,000, guda 5 na 25,000, guda 3 na 29,000.

Hular nauyin da za a kwashe bayan cin buhu 60: 2 na kilo 780, guda 5 na 720, guda 3 na 580.

Wannan rabo ba daga sama muka tsinto shi ba. Mun duba tsoffin rasiɗaina, mun tambayi masu kiwo huɗu da suka girme ni a harkar: cikin zubi goma, sau nawa farashi ke faɗuwa, sau nawa kifi ke ƙin girma.

Sai a zaro takarda ɗaya daga kowace hula, a yi lissafin riba, a rubuta, a mayar da takardun, a girgiza, a sake. Kowane zari kamar zubin kifi ɗaya ne da ka yi ba tare da kashe ko kwabo ba. Mun yi sau 50 tsakanin Magariba da bayan Isha'i. Sau 15 asara ta fito, wato kusan uku cikin goma. Matsakaiciyar ribar ta tsaya wajen 170,000, ƙasa da rabin abin da littafina ya yi mini alkawari. Haɗin da ya fi muni, kilo 580 a kan 2,600 da buhu a 29,000, asarar 532,000 ce.

Wani maƙwabci da ya same mu ya ce, "Malam, duba kuka koma?" Ba duba ba ne, ba kuma caca ba. Takardun ba su san gobe ba, abin da muka rubuta musu shi suke dawo mana da shi a cakuɗe. Dabarar tsohuwa ce. A shekarun 1940 masana lissafi Stanislaw Ulam da John von Neumann suka tsara ta a Amurka, aka sa mata suna Monte Carlo. Yau bankuna da kamfanonin inshora na yin ta da kwamfuta sau dubbai. Mai Excel a waya ko kwamfuta zai iya haka, amma hula ma ta wadatar.

Tambayar da ta rage

Bayan an gama, yaron ya ce, "Kawu, in 532,000 ta tafi, za ka iya tashi?" Na yi shiru, don na san amsar. Wannan ita ce tambayar da kowa zai yi wa kansa, musamman mai juya kuɗin aro ko na adashe. In amsar a'a ce, ka rage yawan kifin, ko ka rage haɗarin.

Ga yadda raguwar take a lissafi. In ka sayi abincin gaba ɗaya a 25,000 tun farko, hular abinci ta fita, asara mafi muni ta sauko zuwa 292,000. Sai dai a duba ranar ƙarewar abincin, a ɗora shi kan katako a ɗaki marar laima, don abinci mai fumfuna guba ne. In kuma ka daidaita da mai saye a kan 3,000 tun kifi na wata uku, asara mafi muni ta koma 60,000. Ni yanzu ina da mata biyu masu gasa kifi da mai otal ɗaya, kuma na gina wurin banda. Kifin banda na iya jiran kasuwa, ɗanye kuwa kullum ci yake yi yana jiranta.

Inda hulunan ke yin ƙarya

Na farko, hula tana ɗaukar kowane abu shi kaɗai, alhali masifu kan zo tare. A 2023 abu ɗaya ne ya tayar da mai, kuɗin mota da abinci lokaci guda. Haka nan idan ruwan fadama ya fara janyewa bayan damina, kifin gulbi kan cika kasuwa, na kiwo ya ji a jikinsa. Sanyin hunturu kuma na rage wa tarwaɗa cin abinci. Wanda zai kwashe a irin waɗannan lokuta ya ƙara takardun farashi mai rauni da na ƙarancin nauyi.

Na biyu, akwai abin da ba ya yawan zuwa amma in ya zo kwasar ƙasa yake yi. Mu da ke kwarin gulbin Rima, ƙasa da madatsun ruwan Goronyo da Bakolori, mun ga ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa daga Argungu har Birnin Kebbi. Mai kududdufin ƙasa a fadama ya ƙara hula ta huɗu: takarda tara "lafiya", ɗaya "ambaliya". In ta fito, jarin duka ya bi ruwa. Maganinta shi ne a tsara zubi yadda za a kwashe kafin Agusta, a kuma saurari hasashen NiMet da na hukumar NIHSA da ake fitarwa kowace shekara.

Masu kaji

Hanyar ɗaya ce. Mai buroila zai sa farashin ɗan tsako, buhun abinci, yawan mutuwa da farashin sayarwa. Ya ƙara wata hula ta ranar sayarwa, don kazar da ta wuce Sallah da mako biyu tana cin ribarta. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40 a nan Kebbi, ya shiga hular mutuwa. Mai kajin ƙwai ya tuna farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, yadda kiret-kiret na ƙwai suka taru ba mai saye. Hula ta huɗu a wurinsa ita ce murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a Fabrairun 2006 a jihar Kaduna, kuma har yau tana dawowa.

Zubin da na yi bayan wannan darasi 500 ne kawai, da kuɗina ni kaɗai. Na sayi rabin abincin tun farko, ina rarrabe manya da ƙanana duk bayan mako biyu, na kuma san masu sayena kafin wata na uku. Ribar ba ta da yawa, amma ta fito. Littafin yana nan rataye a ƙusa kusa da tamfol, kullum ina rubuta abin da suka ci da abin da ya mutu, don da shi zan gyara takardun hula a zubi na gaba.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu da asara.