Boga a Gida: Daga Tozon Sa Zuwa Kifin Kainji

Ranar da na fara haɗa boga a tsakar gidanmu da ke Warra, kakarmu ƙin taɓa ta ta yi. Na dawo hutu daga jami'a ke nan, ƙanena da ke aji uku na ƙaramar sakandare ya dame ni da hotunan da yake gani a waya: burodi a sama, burodi a ƙasa, nama a tsakiya. Na ce masa ai wannan ba wani abu ba ne. Da na miƙa wa Kaka rabonta sai ta tambayi sunan abin. Ƙanen nawa, don a san ya iya Turanci, ya ce "hamboga", ya kuma ƙara da cewa a ƙamus ya ga "ham" naman alade ne. Nan take Kaka ta ture faranti.

"Ke 'yar nan, abin da aka tura ki ki koyo ke nan?"

Ko da ba a yi wannan katoɓarar ba, bogar tawa ba ta ciwuwa. Waje ya ƙone, ciki da sauran ja, ga shi ta farfashe a kasko. Rabin kilon nama da Baba ya biya ya tafi a banza. Sai da na yi gwaji har sau huɗu a wannan hutun kafin na gane inda gizo ke saƙar. Abin da na koya shi zan ba ku, don kada ku yi asarar da na yi.

Ina ruwan boga da alade?

Babu ruwanta. Sunan ya samo asali ne daga Hambog, wani birni mai tashar jiragen ruwa a ƙasar Jamus. A ƙarni na 19 Jamusawa da yawa sun yi ƙaura zuwa Amurka, kuma a can aka riƙa kiran curin niƙaƙƙen naman sa da sunan wannan birni. Daga baya aka fara cusa shi cikin burodi. Har yau garuruwan Amurka da dama na jayayya kan wanda ya fara yin haka. Abin da ba a jayayya a kai shi ne kamfanin White Castle, wanda aka buɗe a 1921 a jihar Kansas, yana cikin na farko da suka yaɗa ta a farashi mai sauƙi. A Najeriya kuwa, shagunan Mr Bigg's da suka fara a Legas a 1986 sun taimaka wajen sanar da ita ga jama'a.

To, asalin boga naman sa ne. Sai dai in Allah ya kai ɗayanku wata ƙasa, ya tambaya kafin ya ci, domin wasu shagunan kan ɗora yankan naman alade a kai. Wadda ka haɗa da hannunka kuwa, da naman da ka san mahaucin da ya yanka, ba ta da wannan shakku.

Tsoka huɗu, tozo ɗaya

Kuskurena na farko shi ne na zaɓi jan nama zalla, ina ganin shi ne na masu hali. Ashe daɗin boga a kitse yake. Ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce kashi 80 tsoka, kashi 20 kitse. Mu a nan Allah ya hore mana abin da shanun Turawa ba su da shi, wato tozo. Ka ce wa mahauci ya ba ka tsokar wuya ko ta kafaɗa kashi huɗu, tozo kashi ɗaya. Rabin kilo zai ba ka boga huɗu.

In babu injin niƙa nama, wuƙa mai kaifi da katako mai tsabta sun isa. Ka cire jijiyoyi, ka yayyanka ƙanana, sannan ka yi ta sara har ya yi laushi amma da ɗan tsaki-tsaki. Kada ka kirɓa shi a turmi kamar za ka yi dambun nama. In ya zama ƙulli zai yi tauri. Kada kuma ka kai shi injin markaɗen unguwa, inda aka gama niƙa tattasai da wake.

Hannu da wuta

Raba naman gida huɗu, ka cura kowanne a hankali, ka baje shi da tafin hannu. Kaurinsa kada ya wuce na ɗan yatsa, faɗinsa kuma ya ɗan fi na burodin, domin zai tsuke a wuta. Sai ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya ɗan lotsa, don kada ya kumbura ya koma kamar ƙosai.

Gishiri a waje ake barbaɗa shi, dab da za a ɗora a wuta. 'Yan ajin kimiyya ga dalili: gishiri yana narkar da wani furotin da ke cikin tsoka, sai naman ya manne da juna ya yi danƙo. Masoro da ɗan garin citta da tafarnuwa su ma a waje. Ni nakan ƙara yajin ƙuli bayan na juya, sai ta ba da ƙamshin tsire.

Sai wuta. Ka bari gawayi ya gama ci ya zama garwashi, ka ɗora kasko mai kauri ya yi zafi sosai, ka shafa mai kaɗan. Da ka ɗora naman ya kamata ka ji "cuuu". Daga nan sai haƙuri. Minti huɗu zuwa biyar, ka juya sau ɗaya, ka ba ɗaya gefen kamar haka. Kada ka danne shi da cokali. Romon da ke tsiyayewa shi ne daɗin da kake zubarwa. Wannan launin ƙasa-ƙasa da ke fitowa a jikin naman yana faruwa ne idan furotin da sukarin da ke cikinsa suka haɗu a zafi mai yawa. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana haka a 1912. Shi ne sirrin ƙamshin tsire da na ɓawon burodi.

Dole ta dahu har ciki

Wannan sashen ya fi kowanne muhimmanci. Ƙwayoyin cuta a jikin nama daga waje suke zama, shi ya sa wuta ke saurin kashe su a tsire ko balangu. Amma da zarar an niƙa nama, na waje ya koma ciki. Boga mai jan ciki tana iya jawo gudawa da amai, ga ƙananan yara da tsofaffi ma abin ya kan yi tsanani. Masana lafiyar abinci sun ce zafin tsakiyarta ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos. Da yake yawancinmu ba mu da ma'aunin, dabara ita ce ka yi ta siririya, ka kuma tsaga guda ɗaya ka duba: babu ja, romon da ke fita kuma garau yake.

Ka sayi nama da safe ka dafa a safiyar. Ka wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu kafin su taɓa tumatir ko latas. Farantin da ya ɗauki ɗanyen nama kada ya ɗauki dafaffe. In an gama, a ci cikin awa biyu. A zafin Maris da Afrilu irin namu, kada ta wuce awa ɗaya a ajiye.

Arzikin da ke bakin ruwa

Bayan asarar farko Baba ya ce ba zai sake ba da kuɗin nama ba. Inna ce ta ce, "Ga kifi a ƙofar gida, me ya hana ki gwada da shi?"

Gaskiyarta. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 tafki ya malale wannan yanki na Kogin Kwara, garuruwan ƙasar Yawuri da ke bakin ruwa suke cin arzikin su. Kifin da ake lodinsa zuwa birane daga hannun masuntanmu yake fita. Bogar kifi kuma ba baƙon abu ba ce a duniya. A 1962 wani mai shagon McDonald's a birnin Sinsinati na Amurka, Lou Groen, ya ga cinikinsa na faɗuwa duk ranar Juma'a saboda makwabtansa 'yan ɗariƙar Katolika ba sa cin nama a ranar. Sai ya ƙirƙiro ta kifi, har yau kuma ana sayar da ita. Ya duba abin da mutanensa ke buƙata ne ya yi musu.

Giwan ruwa da tarwaɗa sun fi dacewa, don tsokarsu na da kauri kuma ƙayarsu ba ta da yawa. Tarwaɗa a zuba mata ruwan zafi a kankare yauƙin. A cire fata, a zare tsoka, a bi da yatsa a tsince ƙaya tas, musamman in yara za su ci. A sassara da wuƙa, a matse ruwan. Kifi ba ya kama jikinsa kamar nama, saboda haka rabin kilo yana son ƙwai ɗaya da garin busasshen burodi kamar cokali huɗu. A zuba soyayyiyar albasa, ɗan attaruhu, citta, gishiri da ruwan lemun tsami kaɗan. A cura, a soya a mai kaɗan bisa matsakaiciyar wuta, minti uku zuwa huɗu kowane gefe, har cikin ya yi fari. Da busasshen kifin banda ma ana yi: a jiƙa, a gyara, a haɗa da dafaffen dankali da aka murƙushe.

Burodi da kayan haɗi

In ba a samu burodi mai zagaye ba, a yanka na shayi da kauri, ko a tsaga gurasa. A shafa man shanu a ɗan gasa cikinsa a kasko, don kada romo ya jiƙa shi ya kwaɓe. Albasa kuwa ba sai an faɗa wa ɗan Yawuri ba. A yanka ta zobe-zobe, ɗanya ko soyayya. Tumatir da latas ko kabeji a wanke su da ruwa mai tsabta, ba na tafki ba. Jerin shi ne burodi, ɗan bama, ganye, nama ko kifi, tumatir, albasa, sai burodin rufi.

Ga mai son juya wannan ya zama jari a lokacin hutu, ya fara da lissafi. Rubuta kuɗin kifi, burodi, ƙwai, mai, kayan miya da gawayi, ka raba da adadin bogar da ta fito. In ba ka san nawa guda ɗaya ta ci ba, ba ka san ko riba kake ci ko uwar kuɗi ba. Ka fara da kaɗan, ka yi wa waɗanda suka ce suna so. Samari kuma kada ku ce girki na mata ne, ku dubi masu tsire da masu shayin garinku.

Ana gobe zan koma makaranta na yi ta giwan ruwa guda shida, ƙanena ne ma ya juya su a kasko. Kaka ta ɗaga burodin sama, ta leƙa ciki, ta shinshina, sannan ta gutsura. Ta jima tana tauna ba ta ce komai ba.

"To, wannan ai ƙosan kifi ne kuka sa wa hula," in ji ta. "Miƙo mini ɗayar."